Tikoma a Bakin Dam ɗin Ajiwa: Yadda Na Auna Haɗarinta Kafin Dashe

Duk mai sana'ar renon furanni a Katsina, abin da yake nema a jikin shuka bai wuce uku ba: ta jure rani, ta yi saurin tasowa, ta kuma zuba iri da yawa yadda ba sai an riƙa sayo ta daga Kaduna ko Jos duk shekara ba. Tikoma ta haɗa ukun nan har da ƙari. Ita ce 'yar bishiyar nan mai fure ruwan ɗorawa, mai buɗaɗɗen baki, da ake gani a harabar ofisoshi da otal-otal da manyan gidaje, wadda masana ke kira Tecoma stans. Ba ta da tsada, ba ta da laulayi, kuma ko a tsakiyar bazara, lokacin da komai ya yi yaushi, in dai tana samun ɗan ruwa za ka tarar da ita da furenta.

Sai dai waɗannan halaye uku da muke yi wa shuka kirari da su wajen ciniki, su ne kuma halayen shukar da ke tsallake shinge ta mamaye gona da makiyaya. Muddin ɗaya ko biyu ake dasawa a tsakar gida mai siminti, babu wani abin tayar da hankali. Lissafin ya canza ne da wani Alhaji da ya daɗe yana sayen dashe a wurina ya nemi in kewaye masa gonarsa da ita. Gonar tana wajen Ajiwa, cikin ƙaramar hukumar Batagarawa, kuma gangarenta a bakin dam yake ƙarewa. Ɗaruruwan dashe ke nan za a jera a ƙasa mai danshi, maƙwabta duk masu noman rani, ga shanu suna saukowa shan ruwa. Na ce masa: "Ranka ya daɗe, ka ba ni lokaci in bincika halinta kafin mu zuba." Ya yi dariya ya ce bai taɓa jin an yi wa fure binciken hali ba, amma ya yarda.

Hanyar da na bi ba ƙirƙirata ba ce. Daga Ostareliya ta fito, ƙasar da ta sha baƙar wuya a hannun shuke-shuken da aka kai mata don ado. Wani masani, Paul Pheloung, shi ya tsara ta, ƙasar ta fara tantance sababbin tsirrai da ita a 1997, aka buga bayaninta a 1999, daga baya masana a Hawai da wasu wurare suka gyara ta daidai da yanayinsu. Tambayoyi 49 ne, akasari amsarsu e ko a'a, kowace amsa da makinta, wata ta ƙara wata ta rage. Idan jimillar ba ta kai 1 ba, a bar shukar ta shigo. Daga 1 zuwa 6, a ƙara bincike. Ta haura 6, a ƙi ta. Tun muna karatun ilimin gandun daji na san da ita, kuma tana nan a intanet ga duk mai so. Tambayoyin sun shafi tarihin shukar a wasu ƙasashe, da yanayin da take so, da miyagun halayenta irin su ƙaya da guba, da yadda take hayayyafa, da yadda irinta ke tafiya, da wuyar kashe ta.

Kafin in sa tikoma a sikelin, sai da na gwada shi da shuke-shuken da na riga na san halinsu. Boganbiliya, furen nan mai hawa katanga, ta fito da maki kaɗan, kuma haka ya dace, don da wuya ta yi iri. Da reshe muke dasa ta, inda ka sa ta nan za ka same ta. Lantana, wata shukar ado, ta yi sama can, ita ma ba mamaki. Tsuntsaye ke yaɗa 'ya'yanta, tana yin sarƙaƙiya, ganyenta yana lalata hantar saniya har fatarta ta riƙa salewa a inda rana ke dukanta, kuma tana cikin jerin miyagun halittu masu mamaya guda 100 da aka fi kuka da su a duniya. Wanda ya sa na tsaya na yi tunani shi ne bedi, wato dogon yaro. Shi ma baƙo ne, asalinsa yankin Indiya, a 1928 aka fara dasa shi a Borno. Tsuntsaye da jemagu suna kwasar 'ya'yansa, yana tsirowa a gindin kowace katanga, ka sare shi ya yi toho. A takarda dai ya faɗi jarrabawa, kuma a 2014 Yankin Arewa na Ostareliya ya sa shi cikin shuke-shuken da doka ta ce a yaƙa. To amma je ka gaya wa mutumin Kaita ko Mashi ya sare bedin ƙofar gidansa ka ji amsar da zai ba ka. Wannan takarda haɗari kawai take aunawa, babu inda take tambayar amfani. Bedi ya biya kuɗin zamansa da inuwa da itacen girki da tare iska da magani. Tikoma kuwa fure kaɗai ta zo mana da shi, don haka ba ta da abin da za ta fanshi kanta da shi idan makinta ya yi yawa.

Ɓangaren tarihi a zaune na yi shi, kuma shi ya fi kowane nauyi, don tambayar ko shuka ta taɓa addabar gonaki a wani wuri tana iya kai maki 4, ta dazuzzuka ma haka. Asalin tikoma nahiyar Amurka ne, tun daga jihohin Arizona da Texas, ta ratsa Meziko har Ajantina. Duk inda aka kai ta, don ado aka kai ta. A Afirka ta Kudu ta fita daga lambuna ta bi gefen hanyoyi da bakin koguna, har dokar ƙasar ta 2014 ta sa ta a rukunin da aka hana shukawa da sayarwa, aka wajabta wa mai fili ya kawar da ita. Sai da ta kai suka saki wani ɗan ƙwaro mai cin ganyenta a 2013 don ya taya su yaƙi. A jihar Parana ta Brazil makiyaya ta cinye. A Queensland ta Ostareliya ma ana kuka da ita, haka nan a wasu sassan Kenya da Tanzaniya.

Da na kai wa Alhaji wannan labari, amsarsa a shirye take: "Malam, Afirka ta Kudu ai ba Katsina ba ce. Nan wata nawa muke yi ba ɗigon ruwa? Wane tsiro ne zai rayu a daji ba mai ba shi ruwa, ga awaki?" Gaskiya ya faɗa, kuma ita kanta takardar ta yarda da shi, domin makin tarihi yana raguwa idan yanayin wurinka bai yi daidai da na inda shukar ta yi ɓarna ba. Ruwan da birnin Katsina ke samu a shekara bai wuce wajen milimita 600 ba, kusan duk tsakanin Yuni da Satumba, sauran watannin kuwa rana ce da ƙura. Amma akwai abu biyu da suka hana ni tsayawa a nan. Na farko, tikoma ba 'yar dajin kurmi ba ce. A Arizona da arewacin Meziko, inda ake fari sosai, tana rayuwa a gangaren duwatsu da bakin koramun da ke ƙafewa. Na biyu, jihar Katsina ba yanayi ɗaya ba ce. Funtuwa da Bakori da Ɗanja suna samun ruwan da ya kai milimita 1,000, sannan ko a arewacin jihar akwai fadamu da bakin madatsun ruwa irin su Ajiwa da Jibiya da Sabke, inda ƙasa ba ta bushewa sarai. Sai na yanke shawarar cike takarda biyu: ɗaya ta tudu, ɗaya ta bakin ruwa.

Sauran tambayoyin ba a zaune ake amsa su ba. Na shiga gari ina neman tsofaffin tikoma, waɗanda aka dasa shekaru da yawa aka manta da su. Abin da nake so in gani shi ne 'ya'yan da ba wanda ya dasa.

Bayan fure ya kaɗe, tikoma tana fitar da kwanso siriri, dogo, ya kai santimita 20, kore da farko, sannan ya bushe ya koma ruwan ƙasa. Suna rataye a rassa tuli-tuli. Da iskar hunturu ta buge su sai su tsage gida biyu, irin ya zubo. Na ɗauki ɗaya na buɗe a tafin hannuna. Kowace ƙwaya shafal take, fale-fale, da fiffike fari a gefe biyu kamar na gina, har kana hango zanen tafinka ta cikinsa. Numfashi kaɗan na yi a kai suka tashi suka bar hannun. Tambayar ko iska na ɗaukar irinta ta amsa kanta. Na zuba wasu a bokitin ruwa, suka yi ta yawo a sama ba su nutse ba, wannan ya amsa ta ruwa.

Tunda hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, sai na riƙa duba kudu maso yammacin kowace bishiya. A filin Allah, inda yashi ne da rana, ban ga tsiro ko ɗaya da ya wuce daminar farko ba. Waɗanda suka fito da ruwan Agusta, kafin Disamba sun zama busasshen tsinke. Har na fara ganin hujjar Alhaji za ta yi nasara. Sai a bayan wani masallaci da ke jikin wata ma'aikata, inda ruwan alwala ke bin wata 'yar kwata ya taru a gindin katanga. Nan na tarar da su a jere, tun daga mai ganye biyu har wadda ta kai ƙuguna, ɗaya ma ta fara fure, ta kafa saiwa a tsagar siminti. Uwarsu tana can ƙetaren katangar, da 'yar tazara. Na tambayi dattijon da ke gadin wurin, na ce: "Baba, wa ya dasa waɗannan?" Ya ce: "Ɗan nan, wa zai dasa fure a kwata? Ni ma cire su nake yi suna dawowa." Daga nan na daina duba fili, na koma bin ruwa: ƙarƙashin tankin da ke yoyo, inda ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga, bakin famfon da ya lalace. Ba ko'ina na same su ba, amma duk inda na same su, akwai danshin da ya ratsa rani. Gonar Alhaji kuwa gaba ɗayan gefenta na ƙasa irin wannan wuri ne, ga kuma hanyoyin ban ruwa da za su ɗauki irin su kai gonakin maƙwabta.

Maganar awaki ma na bi ta. Na kai ganye da ɗanyen reshe wurin wata maƙwabciyarmu mai kiwo. Da rani, lokacin da ba wani kore, awakin sun tsattsage sabon toho, amma ba da zumuɗin da suke cin harawa ba. Da damina ta sauka haki ya fito, ko kallonsa ba su yi. Wani Bafulatani da ke shayar da shanunsa a Ajiwa, da na nuna masa reshen na ce: "Baffa, shanunka za su ci wannan?", ya murza ganyen ya shinshina, ya ce saniya ba ta kula irin wannan sai in yunwa ta kai mata ko'ina. Abin da hakan ke nufi shi ne, a daidai lokacin da tsiron ke kafa saiwa, wato damina, babu dabbar da ke damunsa, kuma a bakin dam inda haki ba ya yankewa ba za su taɓa matsuwa su ci shi ba. Cin da dabba ke yi wa shuka ma ba kullum yake zama kariya ba. Akwai tambaya a takardar kan ko iri yana fita da ransa daga cikin dabba. Bishiyar nan mai ƙaya, Prosopis juliflora, da aka dasa a Baringo ta Kenya don yaƙar hamada, awaki ne suka yaɗa ta a kashinsu, zaƙin kwansonta kuma ya zubar musu da haƙora, har mutanen yankin suka kai akuya mai giɓi gaban kotu a 2006 a matsayin shaida. Irin tikoma dai ba shi da ƙwarin da zai tsira a cikin akuya, don haka a nan ta samu ragin maki.

Ta samu ragi a wasu wuraren ma, kuma ya kamata a faɗa. Ba ta da ƙaya. Ba ta son inuwa, don haka ba za ta shiga ƙarƙashin mangwaro ko gwaiba ta yi ƙarfi ba. Tsuntsaye ba ruwansu da irinta. Mafi muhimmanci, irin ba ya daɗewa da rai. Na shuka sabon iri a leda, ya fito kusan duka cikin ɗan lokaci; na shuka wanda ya kwana shekara a gwangwani, ɗaiɗai ya fito. Duk manomin da ya yi fama da ƙuduji, wanda irinsa ke kwanciya a ƙasa shekara da shekaru yana jiran gero ko dawa, ya san girman wannan sauƙi. Idan ka cire uwar tikoma, ka bi tsiron damina ɗaya ko biyu, ka gama da ita.

Cire uwar ne aiki. Akwai wata tsohuwar tikoma a bayan lambuna, na sa yaro ya sare ta da adda dab da ƙasa a tsakiyar rani, muka hana ta ruwa. Kafin damina ta yi nisa kututturen ya fitar da rassa masu yawa, ta dawo ta fi da cika. Sara kawai ƙara mata kai yake yi. Sai an haƙe saiwar, ko a shafa maganin kashe ciyawa a kan kututturen nan take bayan sara, kuma ba ƙaramin manomi ne zai yi ta sayen wannan magani saboda furen da wani ya dasa ba. Ga shi kuma tana saurin balaga: dashen da ke samun ruwa yana iya fure ya yi iri tun bai daɗe a ƙasa ba.

Da na haɗa lissafi, takardar tudu ta tsaya a gaɓar 6, wato inda ake cewa a ƙara dubawa, kuma dubawar da na yi a gari ta nuna rani yana gamawa da ita. Takardar bakin ruwa kuwa ta zarce 10. Shuka ɗaya, gari ɗaya, hukunci biyu.

Na koma wurin Alhaji da takardun da hotunan kwatar masallacin a wayata. Hotunan sun fi takardun yi masa magana. Duk da haka ya ce ai dam ɗin ya daɗe a nan, bai ga wani abu ya cinye shi ba. Na tuna masa da kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa. Kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, fadamun Haɗeja da Nguru suna cika da damina su bushe da rani, bushewar nan ce ke riƙe da kacala. Da ruwa ya koma gudana duk shekara, sai ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. Tikoma ba a cikin ruwa take rayuwa ba, ɓarnarta ba za ta kai wannan ba, amma dalilin ɗaya ne: ranin da muke dogara da shi ya kare mu ba ya aiki a inda muka tare ruwa. Kuma wuraren nan da ba sa bushewa su ne mafi tsadar ƙasa a jihar nan, su ke ba mu tumatir da tattasai da kabeji da alkama. Na ƙara da cewa aikin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, galibi a kan abin da ke shigowa ko fita ta iyaka yake; tikoma kuwa ta daɗe da shigowa, don haka daga lambu zuwa gona babu mai tantance ta sai mai sayarwa da mai saye.

Ya yi shiru, sannan ya tambayi abin da ya fi damunsa tun farko: to da me za a yi shingen, kuma nawa ne? Na ba shi shawarar aguwa a gefen tudu, wadda kakanninmu ke kewaye gona da ita, reshe kawai ake kafawa da rani, dabba ba ta ci, ba ta kuma buƙatar ban ruwa. A gefen dam kuma lalle, wanda ke son danshi, yana karɓar aski ya yi cunkus, furensa da ƙamshi, ganyensa kuma kuɗi ne. A bakin ƙofa, inda yake son baƙi su ga launi, boganbiliya da ƙariya. Ya ce aguwa shingen talakawa ce. Na ce ranka ya daɗe, shi ya sa ba ta mutuwa. Mun daidaita a kan lalle ya fi yawa, aguwa ta tsaya a bayan gona inda ba a gani. Kuɗin aikin bai kai na tikoma ba, ribata ma ta ragu, tunda tikoma daga irin da nake tsinta kyauta nake renonta.

A gidansa na cikin gari na dasa masa tikomar da yake so, guda biyu, a tsakar gida mai daɓe, nesa da magudanar ruwa, da sharaɗin mai kula da furannin zai riƙa aske kwanson tun yana kore, kafin hunturu ya shigo. Askin ma yana sa ta sake sabon fure, don haka ba a sha wahalar shawo kansa ba.

A lambuna yanzu, wanda ya zo sayen tikoma sai na tambaye shi inda za ta. In gidan cikin gari ne, bismillah. In ya ce gona, ko bakin fadama, ko zai loda ta a mota zuwa Dutsin-Ma ko Malumfashi ko Funtuwa, sai in nuna masa wani abin. Wasu suna karɓa, wasu su tsallaka lambun gaba su saya, kuma ba ni da ikon hana su. Na kai takardun wurin taron 'yan sana'armu, mutum biyu sun nemi in koya musu cikewa. Wadda muka sa a gaba yanzu ita ce duranta, mai ganye ruwan ɗorawa da aka cika gefen tituna da ita. Tambayoyinta daban ne da na tikoma, don ita 'ya'ya take yi masu ruwan lemo, tsuntsaye ke ɗauka ba iska ba, kuma 'ya'yan suna da guba ga yara da karnuka. Wannan karon ƙarƙashin wayoyin lantarki da bishiyoyin da tsuntsaye ke kwana za mu riƙa dubawa.